Ruwan Toka Kala Huɗu

Rahamatu ta ɗora wayarta a kan keken ɗinkin Faruk.

Yau kwana tara ke nan da mijinta Mamman, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya fita bayan sallar asuba bai dawo ba. Babu inda ba a leƙa ba. Wasu 'yan kasuwar ma cewa suka yi ai sun fi wata ba su sa shi a ido ba, ta ce wannan ruɗu ne irin na mutanen kasuwa.

Sai yau Laraba da hantsi ƙanenta Mu'az, direban motar haya ta danfo, ya turo mata hoton wata takarda da aka manna a ƙofar ɗakin ajiye gawa na wani asibiti. Mota ce ta kaɗe wani mutum a unguwar Ketu, ba waya a jikinsa, ba katin shaida. In har Juma'a ta yi danginsa ba su zo ba, za a haɗa shi da sauran gawarwakin da ba a zo nema ba a rami ɗaya, ba wanka ba sallah.

Mu'az dai Turancinsa na cikin mota ne. Ya gane takardar na bayanin kamannin mamacin da tufafinsa, amma sunayen launin sun gagare shi. Ita kuwa Rahamatu, shekara goma sha biyu a Agege, Yarbanci a bakinta kamar 'yar gari, amma da boko ko sunanta ba ta iya karantawa. Shi ya sa ta zo wurin tela. Duk unguwar nan wa ya kai Faruk sanin sunayen launi, mutumin da matan Ikeja ke turo wa oda ta waya?

"Malam Faruk, don girman Allah kar ka ɓoye min komai."

Ya karanta. Ya sake karantawa. Sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

"Na farkon shi ne *grey*, Anti. Shi ne babbansu, duk abin da ke tsakanin fari da baƙi, ruwan toka dai. Amma a nan gemu ake nufi. Wato mutumin na da furfura."

Mamman na da furfura a gemu, ita ce ma mai tsokanarsa da ita. Ta daure, ta tuna rabin dattawan Agege haka gemunsu yake.

"Sai *ash*, launin rigarsa ke nan." Faruk ya zura hannu ƙarƙashin tebur, ko dubawa bai yi ba, ya zaro wani ƙyalle. "Toka ce sak, irin ta murhu in wuta ta mutu."

Ya ƙara zaro wani, mai duhu. "Wandon kuma *charcoal*. Gawayi ke nan, saura kaɗan ya zama baƙi."

Na huɗu maɓallai ne, an ce *silver*. Ya ce azurfa ake nufi, ruwan toka mai ƙyalli. Ya girgiza wani ɗan gwangwani, maɓallai biyu suka faɗo. Ya jera su kusa da ƙyallayen. Faruk da ba ya barin kowa ya fita shagonsa bai sha zolaya ba, yau ga shi ya kasa ɗaga kai.

Rahamatu ta daɗe tana kallon kayan. Can sai ta dafe ƙirji, dariya da kuka suka kufce mata tare.

"Alhamdulillahi! Ba shi ba ne. Wallahi ba shi ba ne! Ni nake wanke kayan Baban Hanan, ko hankici ba shi da shi ruwan toka. Shi da yake cewa ai kayan masu gadi ne? Kuma da shuɗiyar rigarsa ya fita, mai farin aiki a wuya. Da hannuna na goge ta."

Ta share hawaye da bakin mayafi. Sai kuma tausayin mamacin ya kama ta.

"Allah sarki, bawan Allah. Allah ya sa danginsa su ji labari kafin jibi."

Ta ɗauki wayarta, ta yi godiya har sau uku, ta fita da sauri don ta gaya wa 'yarta Hanan, wadda rabonta da cin abincin kirki tun ranar da abin ya faru.

Faruk ya bi ta da kallo. Kwana tara yana riƙe da wata amana, kullum yana ce wa kansa ila gobe mai ita ya ɓullo. An rantsar da shi kar ya faɗa. To amma wanda ya rantsar da shi ɗin bai san da zancen Juma'a ba.

Ta kusa shan kwanar masallaci ya ƙwala mata kira. Ta juyo da murmushinta.

Ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya ciro shuɗiyar riga mai farin aiki a wuya, a ninke yadda Mamman ya bar ta da sassafen nan, lokacin da ya shiga bayan labule ya sa sababbin kaya masu ruwan toka na gadin da zai fara a Ketu, ya ce wa Faruk, "Kar dai ta ji jarin albasa ya karye. Ajiye min wannan, da la'asar zan biyo in sauya kafin in shiga gida."