Gungumen Rijiyar Azagor

Ranar da aka sake buɗe gidan tarihin Dakoro, shekara uku bayan ruwan sama ya rusa shi, wani tsohon makiyayi ya zo, amma ko kallon sabon rufin bai yi ba. Kai tsaye ya nufi gungumen bakin rijiya da ya kawo daga Azagor tun ginin farko.

Gungumen na nan, sumul, sai ƙyalli yake.

"Ai mun tarar duk ya cinye, Baba," in ji mai kula da gidan. "Kwana biyar kafinta ya yi yana goge shi kafin ramukan su ɓace."

Tsohon ya shafa itacen. A da, kowane gida da inda yake ɗora igiyar gugansa, ba mai taɓa gurbin wani. Igiyoyin ne suka ci ramukan. Mai zurfin na kakansa ne. Na gefe kuwa na mutanen da fari ya kora ne, ba su dawo ba.

"Aiki ya yi kyau, ɗana," ya ce. "Ku ba ni shi in maida bakin rijiya. In ya shekara ɗari, ku aiko a ɗauka."