Tukunyar Iri

Ƙanwata, kin ce jinyar Inna ta sa gurbin karatun bana ya wuce ki, kuma kina jin kunyar a ga abin ya dame ki. Ba zan ce kada ya dame ki ba. Zauna dai in ba ki wani misali.

An yi wani manomi da matarsa maginiyar tukwane. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyar gero mafi ƙwari, ya sussuke, ya gauraya da toka da busasshen ganyen darbejiya don kada ƙwaro ya shiga, ya zuba a tukunya, ita kuma ta liƙe bakin da yumɓu. Wannan shi ne irin shukar baɗi, ba a taɓa shi komai yunwa. Wata shekara da bazara, rumbu ya riga ya ƙare, sai zazzaɓi mai zafi ya kwantar da mijin. Ita tana iya wuni da kwaɗon zogale, amma shi cikinsa ba ya riƙe komai sai kunu, gidan kuwa babu ko ƙwayar hatsi. Ta zagaya maƙwabta, ta tarar kowa ta kansa yake yi. Ran nan yana barci da azahar, ta ɓare liƙin tukunyar, ta ɗebi tafi biyu, ta wanke sau uku, ta daka, ta dama masa. Washegari ma haka. Kafin ya iya tsayawa da ƙafarsa, iri ya ƙare. Ta cika tukunyar da yashi, ta sake liƙewa, ta shafa ƙura a kan sabon yumɓun don ya yi kama da tsoho.

Ba a jima ba ruwan farko ya sauka. Gari ya waye da ƙanshin ƙasa, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona. Ta tsaya a bakin murhu tana jiran ya ce a ɗauko tukunya, tana juya maganar da za ta faɗa masa. Amma mutumin da jiya ya zagaya gida har ya gyara danga, yau sai ya ja mayafi ya ce jiri yake ji. Kwana ɗaya, kwana biyu, har mako. Ƙanensa ya zo ya ce a ba shi irin ya shuka masa, mijin ya ce ba mai buɗe tukunyar nan sai shi da kansa. Mutane suka yi ta zancen taurin kansa. Ita kuwa tsoronta ya zama biyu: ga iri babu, ga ciwo ya dawo. Ba ta ma lura cewa majinyacin nata yana cinye kwaɗon zogale tas ba.

Ruwa bai ƙara zuwa ba. Rana ta buɗe da ƙarfi, irin wadda maginiya ke so. Ta kwaɓa yumɓu, ta gina tuluna da tukwane, suka bushe ba tsaga, ta gasa su. Ta ari jaki ta kai su wani ƙauye na bakin fadama, tafiyar wuni guda, inda ake ba da tukunya a karɓi cikinta na hatsi. A hanyar dawowa ta ratsa gonakin garinsu, ta ga tsiron da aka yi ta murna da shi ya kwanta ya ƙone, don kwana goma sha tara ke nan ba ko ɗigo. Amma gabas ta yi baƙi, hadari yana tasowa. Ta yi sauri, da niyyar ta zubar da yashin ta mayar da gero tun yana kwance. Tana shiga sai ta gan shi tsaye a tsakar gida yana ɗaure ƙotar sungumi.

Ta ce, "Malam, ka tashi?"

Ya ce, "Kwanciyar ta ishe ni, bayana duk ya yi tsami." Ta durƙusa za ta fara bayani, ya tare ta: "Da hannuna na zuba darbejiyar nan. Ko sau goma kika wanke, tun kurɓin farko na san abin da nake sha."

"To me ya hana ka magana?"

"In na tashi, dole in buɗe tukunya, ƙanena yana tsaye. Gara a ce ni rago ne da a ce matata ta cinye iri."

Ta ce, "Ni ina can ina zaton likkafani zan nema, ashe kai hutu kake yi!" Ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba, har ɗigon farko ya faɗo mata a ka.

Da safe suka shuka a ƙasa mai laima sosai, suka auna wa ƙanen nasa da maƙwabta biyu abin da za su sake shukawa da shi. Ruwan bai ƙara yankewa ba har kaka.

Ki duba, ƙanwata. Ita ta ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi, shi ya ɓoye mata don kada ta ji kunya, kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa nauyi yana zaton rage masa yake yi. Duk da haka, da irin nan yana cikin tukunya ranar ruwan farko, da sun binne shi gaba ɗaya, rana ta cinye. Ba ta ba shi kunun don tana hangen haka ba. Mijinta take so ya rayu. Ke ma Inna ta tashi, ga ta can tana faɗa da jikoki. Ki sake neman gurbin baɗi da zuciya a kwance. Ba a banza Hausawa suka ce ba: wani hanin ga Allah baiwa ne.