Kafinta da Jaririn Roba

"Ka sake barin jaririnka a kan benci," in ji ungozoma, tana miƙo wa kafinta 'yar tsanar roba.

A ajin masu jiran haihuwa, kowane miji an ba shi ɗaya ya riƙe kamar ɗansa. Shi kuwa kafinta, hannunsa ya saba ajiye kaya duk inda ya ga fili.

Matarsa ta gyara zama da ƙaton cikinta. "Maigida, in ka ƙara ajiye shi, Inna za ta tare a gidanmu har yaron ya yi wayo."

Kafinta yana girmama surukarsa, amma daga nesa. Ya rungume 'yar tsanar, ya tallafe kanta yadda aka koya.

Ana cikin darasin wanka matar ta dafa ƙugu. "Ina jin abin ya zo."

Aji ya ruɗe. Kafinta bai ruɗe ba, don an koya masa wannan ma: a ɗauki jaka, a nemi mota, ban da surutu. Ya tare tasi, ya ce asibiti. Ko a ramuka bai bari kan ya girgiza ba.

A ƙofar ɗakin haihuwa nas ta dube shi, ta dubi 'yar tsanar da ke ƙirjinsa.

"Malam, ina mai naƙudar?"

Ya waiwaya. Direba ne kaɗai a bayansa, riƙe da jaka.

"Ni ma na so in tambaya," in ji direban, "sai na ga kamar ka san abin da kake yi."