Gwanin Da Hajiya Ta Turo

Darakta na tsaye kan tsani yana ɗaura labule, saura kwana biyu a buɗe wasannin bana, Hajiya mai ginin ta kira shi a waya.

"Na gaji da ƙorafin 'yan kallo," ta ce. "Zan turo gwani ya zauna ya ji da kunnensa. Duk wadda ya ce ba ta gyaruwa, waje za a yi da ita."

Kafin ya tambaye ta wa take nufi, ta kashe.

Ya sauko daga tsanin. Su goma sha biyu ne a ƙungiyar, takwas mata, kuma babu wanda wasa ne sana'arsa. Shi kansa malamin lissafi ne da safe. Jarumarsu kuwa yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ungozoma a asibiti, wadda ta shekara goma sha tara tana fitowa a matsayin budurwa ba wanda ya isa ya ce mata uffan. Wasanni huɗu suka shirya, biyu na dariya, biyu na waƙa, kowace Asabar da la'asar.

Asabar ta farko gwanin ya zo. Dattijo ne siriri, da ɗan littafi a aljihun gaba, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Ya zauna a layin gaba. Duk ƙungiyar ta taru a bayan labule, ana ture juna wajen leƙe ta wata 'yar huda. Da Yaya ta ɗauki waƙa, sai suka ga ya karkata kai, ya jijjiga hagu, ya jijjiga dama, ya yatsina fuska, ya rubuta wani abu.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Darakta ya kai masa lemo da hannu biyu.

"Baba, yaya ka gani?"

"Ta gaban nan ta kwana biyu," in ji dattijon. "Ƙararta ta yi yawa. Amma ƙafafunta da sauran ƙwari. Na baya ne duk suka saki."

Darakta ya kai saƙon bayan labule yadda aka ba shi, sai dai ya tsaya nesa da hannun Yaya. Ta kafe shi da ido har ya fara neman ƙofa. Can ta dubi ƙafafunta, ta ɗan juya su.

"Da ƙwari ya ce?"

"Haka ya ce, Yaya."

Makon nan ba wanda ya huta. 'Yan amshi, da suke su ne na baya, suka koma atisaye kullum bayan tashi daga aiki. Mai kemis da ke kaɗa ganga ya daina zuwa a makare. Yaya ta rage murya, ta ƙara rawa, har majinyata suka riƙa ganinta tana juyi a barandar asibiti da faranti a hannu.

Asabar ta biyu gwanin ya koma tsakiya, kuma sau uku yana sauya wuri. Mutumin da ke sauraro daga kowace kusurwa, in ji Darakta, ba ƙaramin masani ba ne. Ranar 'yan kallo suka yi dariya har wani mai ƙiba ya zame ƙasa. Dattijon ya taso da sauri, ya duƙa a wurin, ya yi rubutu mai tsawo.

"Ko dariyar mutane rubutawa yake yi," Darakta ya raɗa wa mai ganga, yana tsalle kamar an ba shi kyautar mota.

Asabar ta uku zauren ya cika har da na tsaye. Labari ya zaga cewa ungozoma na rawa kamar 'yar shekara ashirin. Mijinta, da rabonsa da zauren tun farkon aurensu, ya zo da sabuwar hula ya zauna yana gaya wa na kusa da shi cewa matarsa ce. Gwanin na can layin ƙarshe, kansa a sunkuye. Tela mai ɗinka musu kaya ta rantse kuka ta ga yana yi.

Ranar rufewa aka yi tafi har labule ya buɗe sau huɗu. Darakta, da murna ta gama ɗauke masa hankali, ya sauka da kansa ya kamo hannun dattijon ya hau da shi dandamali. Yaya ta rataya masa furen roba na wasan, ta ɗan rusuna.

"Baba," Darakta ya ce cikin lasifika, "ga 'ya'yanka. Faɗi hukuncinka kowa ya ji."

Dattijon ya dubi taron, ya dubi furen, ya buɗe littafinsa yana kame-kame.

"To, gaskiya sha ɗaya ba sa gyaruwa. Fitar da su za a yi."

Darakta ya ƙirga ƙungiyarsa da ido, ya sake ƙirgawa. Tela ta riƙe labule don kada ta faɗi.

"Ta gaban fa?" Yaya ta tambaya da 'yar siririyar murya.

"Ita kam ta tsira, 'yata," ya ce. "Ƙusa huɗu zan buga mata. Ku dai bar min ƙofa a buɗe gobe in shigo da guduma da zarto, don wata shida ke nan Hajiya na damuna da maganar kujerun nan."