Shekara Ɗari Shida da Sittin

Motar masu zuwa aikin ido Kazaure sai hon take, Baba Dunoma kuwa ya kasa zama, sunansa ya ƙi fitowa a kwamfutar asibiti.

"'Yata, yunwa ba ta kashe ni ba, sai na'urarki ce za ta bar ni makaho?"

Zaituna, ma'aikaciyar asibitin, ta dafe kai. "Baba, tsohuwar kwamfuta da shekarar Hijira ta rubuta haihuwarka, 1365. Sabuwar ta ɗauka ta Bature ce, ta ba ka shekara ɗari shida da sittin, ta cire ka. Yanzu zan gyara."

Ya buga sanda a ƙasa.

"Tsaya! Mota ta jira. Fara bugo min shekarun nan a takarda. Shekara saba'in maƙwabcina Daudu yana ce min yaro."