Bakin Tsoho Rhissa

Hamid bai jira amalanken ya gama tsayawa ba. Ya sungumi mahaifinsa, tsoho Rhissa, ya kutsa asibiti yana kiran majo, ma'aikaciyar jinya. Matarsa Ramla ta biyo su a hankali da tabarma da buta, tana dafa bango.

Tun daga rugarsu bayan Bader Goula tsohon yake nishi, jikinsa kamar garwashi. Duk kwanakin ciwon Ramla ce ke jinyarsa, har tarin ya ɗan taɓa ta. Duk da haka sai da tsohon ya naɗa sabon rawaninsa na turkuɗi mai shuni, wai ba ya shiga Dakoro kamar bawa.

Majo Raudatu ta ce a sauke amawalin rawanin da ya rufe masa fuska ta ga bakinsa. Tsoho ya riƙe gam. A al'adarsu, ba ya buɗe baki gaban matar ɗansa, ko mutuwa za ya yi.

Ramla ta gane. Ta koma lungu, ta zauna, ta ba su baya.

Da rawanin ya sauka, Hamid ya ga leɓunan shuɗi.

"Haka na Inna suka yi ranar da ta rasu! Majo, don Allah!"

Injin iskar numfashi ɗaya ne a ɗakin. Raudatu ta jawo shi, ta ɗaura wa tsoho robar a fuska.

"Hamid," in ji Ramla daga lungu, da wata murya kamar ta mai barci. "An kora raƙuman?"

Ba su da raƙuma. Kuma ba ta taɓa kiran sunansa gaban uba ba. Kunya ta kama shi.

"Ke, yi shiru mana!"

Ta jingina kanta da bango.

Injin na ta ƙugi. Hamid ya durƙusa yana duban ƙirjin mahaifinsa, yana roƙon Allah kar ya maimaita masa. Can tsoho ya fara mita, wai robar na wari, a ba shi shayi. Zufa ta taru masa a haɓa. Raudatu ta ɗaga robar ta goge masa baki, sai ta tsaya tana duban audugar.

Shunin rawani ne. Leɓunan tsoho lafiya lau.

Hamid ya yi dariya da hawaye, ya ruga lungu ya yi wa matarsa albishir. Ya taɓa kafaɗarta, kanta ya faɗo masa a hannu.

Leɓunan Ramla shuɗi ne, ita da ba ta taɓa sa turkuɗi ba.