Na Goma Sha Bakwai

Sunaye goma sha bakwai ne a kan takardar, gurbi kuwa goma sha shida.

Abdulbaƙi ne ya shirya gasar, daga ɗakunan baya na gidansu a Nasarawa GRA, inda ya tare da kwamfutocinsa tun da ya dawo daga karatu. Wasan harbi ne na intanet, mutum huɗu a kowace ƙungiya. Wadda ta yi nasara ita za ta wakilci Kano a Abuja, kuma shekara biyu ke nan yana jiran wannan damar.

Ƙa'idar rabon ma shi ya rubuta. Don kada gwanaye su taru wuri guda, wanda ya fi kowa maki za a haɗa shi da wanda ya fi kowa rauni. Kowa ya yaba masa a lokacin. Shi ne na ɗaya. Na ƙarshe kuwa wani ne mai suna Inuwa.

Ba wanda ya san Inuwa. Wata huɗu da suka wuce ya ɓullo, ba hoto, ba ya buɗe murya. Ba ya hawa sai tsakanin la'asar da magariba, kuma sai zagayen da Abdulbaƙi yake ciki. Kafin sojansa ya juya ya ɗaga bindiga an riga an kashe shi. Abu ɗaya ya iya, bin bayan Abdulbaƙi duk inda ya sa ƙafa.

"Shi za mu cire," in ji Abdulbaƙi.

Jamilu, abokinsa daga Giginyu mai kula da maki, ya girgiza kai. "Shi ya fara yin rajista. Wanda ya yi rajista a ƙarshe ake cirewa. Da hannunka ka rubuta."

Ƙanwarsa Sauda ta leƙo da tiren abinci. "Yaya, Baba ya tambaye ka da safe."

"Zan shigo."

Jiya ma haka ya ce. Mahaifinsu Alhaji Falalu tsohon babban sakatare ne, mutum mai kaifin baki. Ya taɓa cewa a gaban baƙi, ɗan da ya tura ya karanto injiniya ya dawo yana danne-danne kamar ɗan firamare. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, amma maganar ba ta bar zuciyar Abdulbaƙi ba. Daga bakin ƙofa yake gaishe shi. Kofin Abuja yake so ya kawo ya dire masa a gaba, ba tare da ya ce komai ba.

Jamilu ya kafe, sai suka yi matsaya. Za a ba Inuwa gwaji ɗaya. In ya taɓuka, ya zauna.

Ana idar da la'asar Inuwa ya hau, kamar kullum. Minti goma na farko lafiya lau. Abdulbaƙi ya kayar da mutum biyar, saura abokan gaba biyu, nasara ta zo hannu. Ya laɓe bayan wata katanga, Inuwa ya zo ya laɓe kusa da shi. Sai Inuwa ya zare gurneti, ya kasa jefawa, gurnetin ya faɗi a ƙafafunsu. Su biyun suka tashi.

Dariya ta cika kunnen Abdulbaƙi. Wani daga Tudun Murtala ya ce, "Oga, da wannan za ka je Abuja?"

Ya fizge abin kunnen ya jefar. Ya nemo lambar da Inuwa ya yi rajista da ita, ya danna saƙon murya. Jamilu ya kama hannunsa, ya ture shi.

"Malam, ko wane ne kai, ka saurare ni. Wata huɗu kana liƙe da ni kamar kaska. Ba ka da hannu, ba ka da baki, ba ka da amfani. Kai kaya ne a wuyan mutane. Wanda ya san ya gama yawo, ya koma gefe ya zauna, ya bar masu rai su yi rayuwarsu. Kada in sake ganin ka kusa da ni."

Ya tura masa shi kaɗai. Nan take alama ta nuna an saurara. Bayan minti biyu sunan Inuwa ya ɓace daga jerin, da kansa ya fita.

Rabo ya zo da sauƙi bayan nan. Huɗu sau huɗu, maki kusan kunnen doki, ba mai ƙorafi. Jamilu ya tattara takardunsa ya tafi ko sallama bai yi ba. Abdulbaƙi bai damu ba. Ya daɗe bai ji ransa wasai haka ba, har ya ga bari ya cika alkawarin da ya yi wa Sauda kafin a kira magariba.

Ya ratsa tsakar gida, ya wuce Bala direba yana goge mota, ya shiga babban falo. Ƙofar ɗakin mahaifinsa a ɗan buɗe take. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya ji ana magana a ciki, wani na zazzaga faɗa. Ya tsaya. Wa zai ɗaga wa Alhaji murya a cikin ɗakinsa?

Ya leƙa. Tsohon na zaune a kujerar guragu shi kaɗai, wata sabuwar waya a kan cinyarsa, hawaye na bin gemunsa. Da yatsan hannunsa na hagu ya sake danna saƙon daga farko, Abdulbaƙi ya ji muryar kansa tana cewa, "Malam, ko wane ne kai, ka saurare ni."